Mafaɗar Dutse: Tarihin Haɗuwar Aljabara da Awon Alwatika

Duk wanda ya zauna a ajin lissafi na makarantar sakandare ya san irin tambayar nan da ake zana alwatika a allo, a rubuta tsawon gefe biyu ko girman kusurwa biyu, a bar na uku da harafin x, sa'an nan a ce wa ɗalibi ya nemo shi. Saboda yawan ganinta, ba a cika tsayawa a lura cewa fannoni biyu ne aka gwama a cikinta ba. Na farko shi ne handasa, watau ilmin siffofi da awonsu, wanda littattafan makaranta ke kira jometiri. Na biyu shi ne aljabara, watau dabarar raɗa wa abin da ba a sani ba suna, a yi ta juya shi kamar sanannen adadi har ya bayyana kansa. Kowane ɗaya daga cikin fannonin nan ya shekara aru-aru yana tafiyarsa. Wannan maƙala za ta bi sawun haɗuwarsu ne, kuma za ta fi daɗewa a kan wani gajeren babi cikin littafin da Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi ya wallafa a Bagadaza wajen shekarar 820 Miladiyya, domin a nan ake ganin haɗuwar ƙarara, cikin zance zalla, babu harafin x babu wata alama.

Masu awon gona da masu kafa hujja

Tun a ƙarni na 5 kafin Miladiyya marubucin tarihin nan na Yunanawa, Hirodotus, ya danganta asalin handasa ga Masar, inda Kogin Nilu kan zaizaye gonaki, sai sarki ya aiko masu awo su ƙididdige abin da ya ragu don a rage wa manomi haraji gwargwadon hasararsa. Takardun Misirawa da suka wanzu sun nuna cewa awon gona yana cikin manyan abubuwan da ake koya wa magatakarda. Mafi shahara cikinsu ita ce wadda wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya daga wata tsohuwa da ta girme ta da kimanin shekara 300. Wani mutumin Sikotilan, Henry Rhind, ya saye ta a Luksor cikin 1858, daga baya ta koma gidan tarihi na Biritaniya a Landan. Matsala ta 51 a cikinta gona ce mai siffar alwatika, gindinta khet 4, tsawonta khet 10, shi kuwa khet ɗaya kamu 100 ne. Magatakarda ya ɗauki rabin gindin, watau 2, ya ninka da 10, ya sami 20. Matsala ta 56 kuma dala ce, gindinta kamu 360, tsayinta kamu 250, aka ce a nemo karkatar bangonta, watau tafi nawa bangon ke ja da baya a duk hawan kamu ɗaya, da yake kamu ɗaya tafi 7 ne a wurinsu. Amsa ita ce tafi 5 da ɗaya bisa 25. Ke nan Bamisire yana auna karkata sarai ba tare da ya san digiri ba.

A wata takardar Misirawa da ke Mosko an juya tambayar: an ba da girman filin alwatika 20, aka ce tsawonta ya ninka gindinta sau biyu da rabi, aka nemi tsawon da gindin, suka fito 10 da 4. Mutanen Babila ma, a allunansu na yumɓu, sun bar irin wannan. Akwai allon da ke zancen azara mai tsawo 30 da aka jingina a tsaye jikin bango, kanta ya zame ƙasa da 6, aka ce nawa gindinta ya nisanci bangon. An ninka 30 da kansa aka sami 900, aka ninka 24 da kansa aka sami 576, aka ɗebe wannan daga wancan saura 324, aka ciro saiwarsa 18. Wannan ita ce ƙa'idar da ake jingina wa Fisagoras, kuma allon ya girme shi da kimanin shekara dubu. Abin lura game da waɗannan tsofaffin rubuce-rubuce shi ne sigarsu. Umarni ne ake jerawa, a ce ninka kaza, ɗebe kaza, za ka ga kaza. Ɗalibi yana samun amsa daidai, amma hanyar da malami ya bi har ya gano jerin umarnin tana nan cikin kan malamin.

Yunanawa suka bi wata hanya dabam. A littafin Uƙlidis, wanda Turawa ke kira Yuklid, da aka tsara a Iskandariyya wajen 300 kafin Miladiyya cikin maƙala 13, hujja ce kan gaba. A maƙala ta farko ya tabbatar cewa kusurwoyin gindin alwatika mai gefe biyu daidai su ma daidai suke (ƙa'ida ta 5), da cewa kusurwoyi uku na kowace alwatika in an tara su sun yi daidai da kusurwa tsayayya biyu (ƙa'ida ta 32). Kusurwa tsayayya ita ce irin wadda miƙaƙƙen bango ke yi da daɓe. A ƙa'ida ta 47 ya kafa hujjar ƙa'idar Fisagoras, a maƙala ta biyu kuma (ƙa'ida ta 12 da ta 13) ya nuna yadda lamarin ke canjawa idan kusurwar ta buɗe fiye da tsayayya ko ta tsuke. Duk da haka mai karatu zai bi waɗannan maƙalu daga farko har ƙarshe bai gamu da layi mai tsawon kamu kaza ba, bai kuma ga an ce kusurwa digiri kaza ce ba. Murabba'i a wurin Uƙlidis siffa ce mai gefe huɗu da ake zanawa a kan layi.

Wanda ya sauko da ƙa'idojin nan cikin adadi shi ne Hiron, mutumin Iskandariyya a ƙarni na 1 Miladiyya, a littafinsa na awo wanda aka gano kwafinsa a Istambul cikin 1896. Ya ɗauki alwatika mai gefe 13 da 14 da 15. Ya ce a tara murabba'in 13 da na 14, watau 169 da 196, a sami 365. A ɗebe murabba'in 15, watau 225, saura 140. A raba biyu, 70. A raba da 14, a sami 5. Daga wannan 5 ya fitar da tsayin alwatikar, 12, da girman filinta, 84. A littafin nan ne kuma aka sami ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa, ta fitar da girman fili daga gefe uku kai tsaye, ko da yake Albiruni ya jingina ta ga Arkimidis. Ya kamata mai karatu ya riƙe waɗannan adadi na Hiron, domin za su sake bayyana a Bagadaza bayan shekara wajen 750.

Littafin Alhawarizmi

Sunan Alhawarizmi yana nuni ga ƙasar Hawarizm da ke kudu da Tekun Aral. Ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, kuma shi ya ambata a gabatarwar littafinsa, Al-Kitab al-Mukhtasar fi Hisab al-Jabr wal-Muƙabala. A gabatarwar ya bayyana cewa ya yi littafin ne don bukatun mutane na yau da kullum, irin su gado da wasiyya da rabon dukiya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar magudanan ruwa. Maganarsa kuwa ba ta fatar baki ba ce, gama kusan rabin littafin matsalolin wasiyya ne.

Kalmomin fannin duka daga bakin jama'a ya ɗebo su. Abin da ba a sani ba shi ne shai'u, watau abu, ko jizri, watau saiwa. Idan aka ninka abu da kansa, sakamakon shi ne malu, watau dukiya. Adadi tsura kuwa sau da yawa dirhami yake kiransa. Jabru shi ne ɗori, irin wanda ake yi wa karaya: idan wani ɓangaren lissafi yana da giɓi saboda an ɗebe masa wani abu, sai a mayar masa, a ƙara irinsa a ɗaya ɓangaren. Muƙabala kuma ita ce a fuskantar da ɓangarorin biyu, a soke abin da suka yi tarayya a kai. Da waɗannan ya mayar da dukan matsaloli zuwa iri shida, ya ba kowanne hanyar warware shi. Misalinsa da ya fi yawo a duniya shi ne na dukiya da saiwa 10 da suka yi daidai da dirhami 39. A ɗauki rabin 10, a ninka shi da kansa, 25, a tara da 39, a sami 64, saiwarsa 8, a ɗebe 5, saura 3. Da ya zo ba da dalili sai ya koma ga zane: ya zana murabba'i a matsayin dukiya, ya manna masa filaye masu wakiltar saiwa 10, ya cike gurbin da ya rage har babban murabba'i ya kammala. A wannan sashe handasa ce ke yi wa aljabara hidima.

A babin misaha, watau awon fili, hidimar ta juya. Babin gajere ne, kuma yawancinsa irin abin da kowane mai awo ya sani ne: filin murabba'i, filin da'ira, girman ginshiƙi da na dala. Ya kasa alwatika gida uku, mai tsayayyar kusurwa da mai tsukakkun kusurwoyi da mai buɗaɗɗiyar kusurwa. Yadda ya bambance su abin a tsaya a duba ne, don bai auna kusurwa ko ɗaya ba. Ya ce a ninka gajerun gefe biyu kowanne da kansa a tara. In jimlar ta yi daidai da murabba'in dogon gefen, kusurwar tsayayya ce. In ta fi shi, tsukakkiya ce. In ta gaza, buɗaɗɗiya ce. Mai awon gona igiya ce a hannunsa, kuma igiya tsawo take aunawa, saboda haka aka mayar masa da zancen kusurwa zancen tsawo.

Girman filin alwatika rabin gindi ne sau tsayi. Tsayin kuwa shi ne layin da ya sauko daga ƙololuwa ya faɗa kan gindi a tsaye, wanda Larabawa ke kira amudi. Wurin da ya faɗa shi ake kira masƙaɗul hajar, watau mafaɗar dutse, kamar a ce mutum ya hau ƙololuwar ya saki tsakuwa. In gefe biyu daidai suke, dutsen tsakiyar gindi zai faɗa, babu wahala. Alal misali, alwatika mai gefe uku daidai, kowanne kamu 10, murabba'in tsayinta 75 ne, filinta kuma saiwar 1875, watau 43 da 'yan kai. Wahalar tana ga alwatikar da kowane gefe yake da nasa tsawon, domin a nan dutsen ya kauce wa tsakiya, kuma ba a san da nawa ya kauce ba. A nan Alhawarizmi ya kawo gefe 13 da 14 da 15.

Ga yadda ya bi. An ɗauki 14 a matsayin gindi. Tazarar da ke tsakanin mafaɗar dutse da kusurwar da gefen 13 ya taso daga gare ta, a kira ta abu. Amudi ya raba alwatikar ta zama ƙanana biyu, kowace da tsayayyar kusurwa, kuma amudin nan na su biyun ne. A ta farko, murabba'in amudi shi ne 169 ban da dukiya. A ta biyu, ragowar gindi 14 ne ban da abu. In an ninka shi da kansa ya zama 196 da dukiya, ban da abu 28. In an ɗebe wannan daga 225, saura 29 da abu 28, ban da dukiya. To, wannan ma murabba'in amudi ne. Ke nan 169 ban da dukiya ya yi daidai da 29 da abu 28 ban da dukiya. Sai a yi ɗori, a mayar wa kowane ɓangare dukiyar da aka ɗebe masa, giɓin ya toshe. Sai a yi muƙabala, a soke 29 daga ɓangarorin biyu. Saura 140 daidai da abu 28, watau abu 5 ne. Murabba'in amudi 169 ban da 25, watau 144, saiwarsa 12. A ninka 12 da rabin gindi, 7, fili ya fito 84.

Adadin da Hiron ya samu su ne waɗannan, har 140 ɗin ma ga shi nan. Bambancin yana ga abin da ɗalibi zai tashi da shi. Wanda ya koya daga Hiron dole ya haddace jerin umarni, ko kuwa ya san ƙa'ida ta 13 ta maƙala ta biyu ta Uƙlidis wadda umarnin ya dogara a kanta. In ya mance ko tarawa ake fara yi ko ɗebewa, shi ke nan ya ɓata. Wanda ya koya daga Alhawarizmi abu biyu kaɗai ake bukata gare shi, ƙa'idar Fisagoras da dabarar ba abu suna. Sauran duk yana fitowa da kansa, domin tsawo ɗaya ne aka faɗa ta hanya biyu aka ce su daidaita. Wannan dabara ta faɗar abu ɗaya sau biyu ita ce har yanzu ƙashin bayan tambayoyin alwatika da ake yi wa ɗalibai.

Ya sake amfani da ita a matsalar da ya rufe babin da ita. Fili ne mai siffar alwatika, gefe biyu kamu 10 kowanne, gindi kamu 12, ana so a yanki murabba'i a cikinsa wanda zai zauna kan gindin, kusurwoyinsa na sama su taɓa gefen biyu. Tsayin alwatikar 8 ne, filinta 48. Ya kira gefen murabba'in abu. Murabba'in kansa dukiya ne. Ƙananan alwatiku biyu da suka rage dama da hagu, in an haɗa su, abu 6 ne ban da rabin dukiya. Ta sama kuwa abu 4 ce ban da rabin dukiya. In aka tara gutsattsarin nan duka, dukiya ta cinye rabi da rabin da ake bi, saura abu 10, wanda ya yi daidai da 48. Gefen murabba'in kamu 4 ne da huɗu bisa biyar. Ita ma wannan matsala, da adadinta, tana cikin rubuce-rubucen da ake jingina wa Hiron.

Wannan kamanni ya jawo muhawara tsakanin masana tarihin lissafi. Solomon Gandz, a wani nazari da ya buga cikin 1936, ya tafi a kan cewa Alhawarizmi bai sha daga Uƙlidis ba, magajin al'adar masu awo ne ta gabas wadda ta gangaro tun daga Babila. Cikin abin da ke ƙarfafa wannan ra'ayi akwai cewa hujjar da ya kawo ta ƙa'idar Fisagoras ba ta shafi kowace alwatika ba, sai mai gajerun gefe biyu daidai. Rushdi Rashid kuwa, wanda ya fitar da sabon bugun littafin cikin 2007, yana ganin ya san Uƙlidis, tun da Hajjaju ɗan Yusuf ɗan Maɗar ya riga ya fassara shi zuwa Larabci zamanin Haruna Rashid, ya kuma sake gyara fassarar zamanin Ma'amun. Da wuya a ce mutumin da ke aikin lissafi da taurari a fadar Ma'amun bai san littafin da aka fassara wa Ma'amun ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne ya san wa yake rubuta wa: alƙali da mai rabon gado da mai awon gona, waɗanda hujja gajera mai saurin ganuwa ta fi yi musu amfani. Ko ma wane ne ya fi gaskiya, muhawarar a kan inda ya samo matsalolin take. Hanyar warware su da abu da dukiya ba a same ta wurin Hiron ba.

Digiri da aljihu

Mai karatu zai lura cewa har yanzu ba a ga 180 ba. Kasa da'ira gida 360 aikin masu duban taurari ne na Babila. Yunanawa suka karɓa daga gare su wajen ƙarni na 2 kafin Miladiyya, Baɗlimus kuma ya gina babban littafinsa na falaki a kai wajen 150 Miladiyya, inda ya tsara jadawalin tsirkiyoyin da'ira rabin digiri bayan rabin digiri. Masanan Indiya suka ga rabin tsirkiya ya fi sauƙin aiki, suka kira shi jiba ko jiya, watau tsirkiyar baka. Larabawa suka ari kalmar, kuma da yake ba a rubuta wasula, aka riƙa karanta ta jaibu, watau wuyan riga ko aljihu. Masu fassara zuwa Latin suka fassara wannan ma'ana da sinus, wanda shi ne asalin sayin da ɗalibai ke dubawa a jadawali. Kalmar aljihu ta Hausa daga wannan aljaibu ɗin take, ashe ɗalibin da ke fama da sayin yana yawo da kalmar a jikin rigarsa.

Alhawarizmi ya san digiri sarai, har akwai jadawalin jaibu a littafinsa na falaki, Zijus Sindhind. Bai dai shigo da shi awon gona ba, don a zamaninsa digiri kayan aikin mai duban sama ne. Bukatun da suka ciyar da lissafin kusurwa gaba a ƙasashen Musulmi su ne lokutan salla da ganin wata da neman alƙibla. Albiruni ya kammala wani littafi cikin 1025 wanda ƙarshen manufarsa fitar da alƙiblar birnin Gazna ce. Nasiruddin Aɗɗusi, wanda ya rasu cikin 1274, ya tsara ilmin alwatika a matsayin fanni mai zaman kansa, da ƙa'idar da ke danganta kowane gefe da jaibun kusurwar da ke fuskantarsa. Saboda haka tambayar nan ta makaranta, wadda ake cewa kusurwoyin alwatika x ne da 2x da 3x, a tara su a daidaita da 180 a sami 30, ko da yake ita ce ake ɗauka mafi sauƙi, gado uku ta haɗa: ƙa'ida ta 32 ta Uƙlidis, da digirin Babila, da abun Alhawarizmi.

Bayan Alhawarizmi

Ƙofar da babin misaha ya buɗe ba a daɗe ba aka shige ta. Abu Kamil Shuja'u ɗan Aslam, Bamisire, wanda ya rayu wajen 850 zuwa 930, ya yi risala a kan siffa mai gefe biyar da mai gefe goma, yana fitar da tsawonsu da aljabara, ba ya kuma jin tsoron amsar da ta ƙunshi saiwa cikin saiwa. Umar Hayyam, wanda aka fi sani da waƙa, ya nemi alwatika mai tsayayyar kusurwa wadda dogon gefenta ya yi daidai da ɗaya gajeren gefe haɗe da amudin da ya faɗa kan dogon gefen. Neman ya kai shi ga lissafin da abu ya ninku da kansa sau uku, wanda da alamomin yau ake rubutawa x³ + 200x = 20x² + 2000. Iri shida na Alhawarizmi ba su iya ɗaukarsa, sai ya warware shi da mahaɗar da'ira da wani lanƙwasasshen layi.

Turai ta sami littafin Alhawarizmi ta hanyar Andalus. Robert na Chester ya fassara shi zuwa Latin a Segobiya cikin 1145, Gerard na Kiremona ma ya yi tasa fassarar a cikin ƙarnin. Abin takaici, fassarorin biyu sun bar babin misaha da na wasiyya. Don haka aljabarar alwatika ta wasu hanyoyi ta isa can, musamman ta hannun Leonardo na Pisa, wanda ya koyi lissafi a Bijaya ta ƙasar Aljeriya ta yau, ya kuma ɗebi abubuwa da yawa daga Abu Kamil a littafinsa na handasa na 1220. Regiomontanus, a littafinsa kan alwatika da ya rubuta wajen 1464 aka buga cikin 1533, ya kai ga wata matsala da hanyar zane ta cije masa, sai ya koma ga res da census, waɗanda su ne fassarar abu da dukiya a Latin. Masu karatu a Turai ba su sami babin misaha a buge ba sai 1831, lokacin da Frederic Rosen ya fitar da nassin Larabci tare da fassarar Ingilishi daga wani kwafi na Okusfod mai tarihin 1342.

Alamomi kuwa a hankali suka zo. Masanan Magrib da Andalus sun riƙa taƙaita shai'u da harafin shinun, malu da mimun, kamar yadda ake gani wurin Alƙalasadi wanda ya rasu cikin 1486. Alamar daidai mai layi biyu Robert Recorde ne ya ƙirƙiro ta cikin 1557. Viète ya yi amfani da haruffa cikin 1591, Descartes kuma ya ware haruffan ƙarshen abacada, x da y da z, don abin da ba a sani ba cikin 1637. Akwai labarin da ya bazu cewa x ɗin daga shinun ta shai'u ya samo asali ta bakin mutanen Sifen. Labarin yana da daɗin ji, amma babu takardar da ta goyi bayansa. Tsakanin littafin Alhawarizmi da x na Descartes akwai shekara fiye da 800, kuma galibin aljabarar da aka yi a tsakanin da zance aka yi ta.

Ta fuskar ƙasar Hausa

Ɓangaren wannan gado da ya fi kafuwa a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa shi ne na rabon gado, kuma harshe ya adana shaidar. Lissafi da hisabi daga alhisabu suke, haka nan sifiri da murabba'i, da kason magada irin su sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni. Katsina ta fitar da Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi, wanda ya wallafa littafi kan aufaƙi, watau hatiman adadi, wajen 1732, ya kuma rasu a Alƙahira cikin 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin marubucin tarihin nan na Masar. Awon gona da adadi don haraji kuwa ya yi ƙarfi ne a farkon ƙarni na 20, lokacin da aka riƙa tura malaman taki cikin ƙasar Kano suna taka gonaki suna ƙidaya, aiki irin wanda Hirodotus ya ba da labarinsa a bakin Nilu.

Manufar ilmi ta Nijeriya ta 1977 ta ce a koyar da yara da harshen uwa a shekarun farko na firamare, kuma tun kafin nan, daga 1970, an gwada koyar da dukan darussan firamare, har da lissafi, da Yarabanci a shirin nan na shekara shida na Ife. Hujjar da aka fi kafawa wajen sukar irin wannan yunƙuri ita ce harsunan gida ba su da kalmomin fannin. Larabcin farkon ƙarni na 9 ma bai gaji kalmomin aljabara ba. An ɗauko su ne daga kasuwa da wurin maɗori da bakin magina. Matsalar alwatika mai gefe 13 da 14 da 15, kamar yadda aka kawo ta a sama, an bi ta daga farko zuwa ƙarshe da abu da dukiya da saiwa da ɗori da mafaɗar dutse. Kalmomin fanni da aka aro a cikinta su ne murabba'i da muƙabala da amudi, biyun farko kuwa sun daɗe a bakin Hausawa.